Kogin da babu ruwa a cikinsa: amsa ga Hajiyar da ɗanta ya nace sai ya hau kwale-kwalen Joypolis

Wata baiwar Allah da ke zaune a Japan, inda maigidanta yake karatu, ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Akwai wani gidan wasa a Tokiyo mai suna Joypolis, komai nasa a cikin gini yake. Ɗana mai shekara tara ya ga hoton wani kwale-kwalen roba da ake hawa a can, wai shi Wild River, ya hana mu sakat sai an kai shi. Ni 'yar Yawuri ce, na san abin da ruwa ke yi, kuma yaron bai iya iyo ba. Shin ruwan gaske ne? Akwai haɗari? Sannan ni ko mota na shiga sai zuciyata ta tashi. In raka shi ko in bar shi da babansa?"

Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, babu kogi a wurin. Irin wannan wasa, in ma an taɓa ku da ruwa, feshi ne wanda ruwan butar alwalarki ya fi shi yawa. Kwale-kwalen da yaronki ya gani a hoto ɗaure yake da bol da noti a kan wani inji, gabansa kuma ƙaton allon majigi ne. Kogin yana kan allo, girgizar tana ƙarƙashin kujera, sauran aikin kuma kunnen mai hawa da idonsa ne suke ƙarasa shi. Ban ga laifin tsoronki ba. Wanda ya tashi a bakin Kogin Neja, ya ji labarin jiragen ruwan da suka kife da 'yan kasuwa da 'yan biki, ba a ce masa ruwa abin wasa ne. Sai dai a nan tsoron ya sauka inda ba gidansa ba. Tambayarki ta ƙarshe, ta tashin zuciya, ita ce mai nauyi, kuma ba za ki gane amsarta ba sai kin san yadda injin yake yaudarar jiki.

Kamfanin Sega ne ya buɗe Joypolis na Tokiyo a watan Yulin 1996, a unguwar Odaiba, wadda ƙasa ce da aka cike a cikin teku. Yana hawa na uku zuwa na biyar na ginin Decks Tokyo Beach. Wannan kaɗai ya isa ya ba ki haske. Ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare nauyinsa tan guda ne, kogin wasa kuwa yana cin irin wannan akwati ɗaruruwa. Ba kowane bene ne zai ɗauki wannan kaya a kansa ba, ga shi a saman shagunan mutane. Shi Wild River yana da 'yan'uwa biyu da aka ƙera a kan dabara ɗaya, Wild Jungle na mota a cikin daji, da Wild Wing na shawagi a sama. Abin hawan da fim ɗin ne suka bambanta, amma uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Na yi shekaru ina kula da irin waɗannan na'urorin kwaikwayo a wani gidan wasa na cikin gini, kuma abin da nake so a ce kin gani shi ne gwajin safe. Kafin a buɗe ƙofa mukan kunna fitilun ɗakin duka, mu kashe allo, mu saki injin ya yi zagayensa babu kowa a kai. In kika tsaya a bayansa sai dariya ta kama ki. Ga ƙaton abu yana sunkuyawa, yana ɗagowa, yana karkata dama da hagu, yana 'yar zabura, sak faifai a hannun mace mai bakace. Daga farko har ƙarshe bai bar filin da tabarma biyu za su rufe ba. Bayan awa ɗaya kuma sai ki ga manya da gemunsu sun sauko daga kansa suna rantsuwa cewa sun faɗo daga kan dutse.

Ƙarƙashin kujerun akwai dandamali na ƙarfe da ke tsaye a kan ƙafafu masu miƙewa da tsukewa. Kin san sandar nan mai sheƙi da ke ɗaga bodin tifa in za ta juye yashi? To irinta ce, sai dai kwamfuta ce ke ba ta umarni sau da yawa a cikin sakan ɗaya. Tsofaffin injina da man haidirolik suke aiki, ga ɗiga ga wari ga zafi, mu masu gyara mun sha wuyarsu. Na yanzu yawanci na lantarki ne, inji yana murza dogon ƙarfe mai zare, ƙafar ta fito ko ta koma. Cikakken tsarin ƙafa shida gare shi, a jere biyu-biyu suna haɗa kai kamar murhu. Wani injiniyan kamfanin taya na Dunlop a Ingila, Eric Gough, shi ya fara haɗa irinsa a shekarun 1950 don gwajin tayoyi, sannan a 1965 wani mai suna Stewart ya wallafa bayanin yadda za a yi amfani da makamancinsa wajen horar da matuƙa jirgin sama, sai sunan ya bi shi. Ƙafa shida na ba da motsi iri shida: gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, sunkuyo da ɗagowa, karkata gefe, da juyawa. Ba duk na'urar wasa ce ke da shidan ba. Da yawa uku kawai gare su, wasu ma jakunkunan iska ake hura wa a sace, domin kwale-kwale dai tangaɗi ake so ya yi.

Wannan ta jakar iska tana da daɗaɗɗen tarihi. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya haɗa na'urar koyon tuƙin jirgin sama da zugazugin da ya ɗebo daga masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa. Abin ban dariya, da farko sojoji ba su kula shi ba, masu gidajen wasa ne suka riƙa saye suna karɓar kuɗin hawa, sai daga baya rundunar sojin Amurka ta gane amfaninta. Kin ga ashe wasan da horon tun asali tare suka taso. A gidan wasan DisneyQuest na birnin Orlando ta Amurka, wanda ya yi aiki daga 1998 zuwa 2017, akwai wani kwale-kwalen roba da ake kira Virtual Jungle Cruise, yana zaune a kan matashin iska, ana ba kowa filafili ya tuƙa, hoton kogin yana bin tuƙin da aka yi. Kamfanin Namco ma ya fitar da ƙaramin irinsa na mutum biyu a 1997, mai suna Rapid River.

To yaya abin da bai matsa ko'ina ba yake sa mutum ya ji ya yi tafiyar kilomita? Amsar tana cikin kunne. Can ciki, bayan dodon kunne, Allah ya ajiye wasu ma'aunai iri biyu. Na farko 'yan bututu ne guda uku a kowane kunne, a lanƙwashe, cike da ruwa. In kai ya juya, ruwan yakan ɗan yi nawa kafin ya bi, wannan nawar ce ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa an juya. Shi ya sa yaro in ya yi hajijiya ya tsaya cak, sai ya ga duniya na ci gaba da juyawa, ruwan ne bai gama tsayawa ba. Na biyu wasu 'yan jakunkuna ne guda biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na sinadarin alli, a kwance a kan wasu siraran gasu. In jiki ya zabura gaba, tsakuwoyin sai su ja baya. In kai ya kwanta baya, nan ma su ja baya.

Waɗannan ma'aunai suna da rauni biyu, kuma a kan raunin nan biyu aka gina sana'armu kakaf.

Na ɗaya, kunne ba ya jin gudu, canjin gudu yake ji. Jirgin da ya kawo ku Japan yana cin kilomita wajen 900 a awa, amma kina zaune kina shan shayi bai zube ba. Inda kika ji shi a jikinki wurin tashi ne da wurin sauka. Saboda haka injin ba ya buƙatar ya yi gudu, farkon motsin kawai zai ba ki. In igiyar ruwa ta bugi kwale-kwalen daga hagu a kan allo, dandamalin sai ya fizga dama da ƙarfi, tafiyar da ba ta wuce kamu ɗaya ba. Daga nan sai ya sulale ya koma tsakiya a hankali, a hankalin da kunne ba zai farga ba, don ya samu filin fizga ta gaba. Tafiyar ɓarawo ce a tsakar dare. Duk gwanintar mai tsara motsin tana wajen wannan komawa: in ya yi sauri jiki ya kama shi, in ya yi nawa igiyar gaba ta zo ta tarar da ƙafafun sun ƙure, babu sauran inda za su miƙe.

Na biyu ya fi daɗi. Tsakuwoyin nan ba sa iya bambance zabura gaba da kwantawa baya, tunda duka biyun baya suke jan su. To in ana so ki ji ruwa ya ɗebi kwale-kwalen da gudu, sai kawai a ɗaga gaban dandamalin, bayanki ya manne da kujera. Da kina ganin bangon ɗakin, nan take za ki ce ai kwantar da mu aka yi. Amma ɗakin duhu ne, allon kuma yana nuna miki kogi a miƙe yana tahowa, sai ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci cewa gudu ne. Ga lissafin: karkatar digiri 10 tana danna ki a kujera da kusan kashi 17 cikin ɗari na nauyinki. Wannan daidai yake da abin da za ki ji a motar da ta tashi daga tsaye ta kai kilomita 60 a awa cikin sakan 10. Kuma ana iya riƙe ki a haka muddin ana so, ba tare da an matsa ko taku ɗaya ba. Sharaɗin kawai shi ne a shiga karkatar sannu-sannu. A na'urorin horar da matuƙa ana ƙoƙarin kada ta wuce kamar digiri 3 a sakan, don kada bututun nan uku su tona asiri. Masu wasa kan wuce haka, su ɓoye satar a cikin jijjiga da ƙara.

Wurin da kowa ke kurma ihu, wato gangarowa daga saman dutse tare da ruwa, shi ne ƙaryar da ta fi kowacce girma. A allo za a nuna kuna faɗuwa na sakan uku. Faɗuwar sakan uku ta gaske mita 44 ce, tsawon bene mai hawa goma sha wani abu. Injin kuwa abin da zai iya bai wuce ya saki kujerun ƙasa da 'yan santimita ba, kuma faɗuwar santimita 30 rubu'in sakan take ɗauka. Dabarar ita ce tun kuna tunkarar bakin dutsen ake ta ɗaga ku sama a ɓoye. Da kun kai baki sai a sake ku, hanjinku ya taso, a sunkuyar da gaban har bel ya riƙe ku, a buɗe fanka iska ta bugi fuska. Rubu'in sakan na gaskiya, ragowar kuma ido ne ke biyan bashin. Da an iso ƙasa a kan allo sai a doka ku sama, lasifikan da ke ƙarƙashin kujera su yi ruri, in akwai feshi a sake shi a daidai wannan lokaci. Na sha tsayawa kusa da famfon feshin namu ina kallo. Abin da yake fitarwa a zagaye guda bai cika kofin shayi ba, amma sai ki ji mutum yana cewa ya jiƙe sharkaf.

Shi kansa ido ba shi da wuyar ruɗuwa. Kin taɓa zama a mota a tasha, motar da ke gefenku ta fara ja da baya, kika ji kamar taku ce ta tashi? Haka ido yake, in duk abin da ya cika shi ya motsa gaba ɗaya, sai ya ɗauka ke ce kike tafiya. Gefen ido ya fi tsakiyarsa saurin faɗawa wannan tarko, shi ya sa ake yin allon da faɗi, a lanƙwasa shi ya zagayo ku, a kuma kashe fitila.

Yanzu mu zo kanki, Hajiya. Tashin zuciyar mota da na wannan na'ura asalinsu ɗaya, saɓani tsakanin shaidu. Ido ya ce kaza, kunne ya ce ba haka ba. A mota, in kin sunkuya kina duba waya, ido na cewa a zaune kike, kunne na cewa ana kwana ana gargada. A na'urar kwaikwayo abin juyawa yake yi: ido na cewa kin yi tafiya mai nisa, kunne na cewa 'yar girgiza kawai na ji. Akwai wani bayani da masani Michel Treisman ya kawo a 1977, cewa jiki yana ɗaukar irin wannan ruɗani a matsayin alamar an ci guba, shi ya sa yake gaggawar fitar da abin da ke ciki. Hasashe ne, amma ya zauna da kyau. Abin da aka tabbatar shi ne mata sun fi maza kamuwa, masu ciki da masu ciwon ɓarin kai sun fi kowa, yara kuma sun fi fama da shi daga wajen shekara shida zuwa sha biyu. Wato shi ma gwanin naki yana cikin layin, kada bakinsa ya ruɗe ki.

Na ga iyakar wannan abu da idona. Wata rana bayan an sabunta manhajar injinmu, sai hoton ya riƙa riga motsin da abin da bai kai rabin sakan ba. A gwajin safe babu wanda ya lura, tunda allo a kashe yake, ƙafafu kuma lafiyarsu ƙalau. Kafin azahar mai shara ya zo ya same ni da bokitinsa a hannu, ya ce, "Injiniya, yau dai lafiya? Wannan ne zuwana na huɗu." Na hau da kaina. Dutse ya buge mu a allo, sai da na gama ganin bugun sannan kujera ta amsa. Ni da nake hawa kullum ban taɓa jin komai ba, ranar sai da na nemi dakali na zauna, gumi mai sanyi yana keto mini. Muka rufe, muka daidaita agogon biyun, aka wuce wurin. Tun daga ranar na ƙara wa gwajin safe zagaye ɗaya da allo a kunne da mutum a kai. Na kawo miki wannan ne don ki san jirin ba raki ba ne, ba kuma rashin jarumta ba. Inji mai kyau yana rage saɓanin, amma babu wanda yake kawar da shi duka, domin saɓanin shi ne wasan.

In kin yanke shawarar hawa, ki nemi kujerar tsakiya. Dandamali yana karkata ne a kewayen cibiyarsa, na gefe da na ƙarshe su ke shan lilo, kamar dai yadda kujerar bayan bas ta fi ta tsakiya wahala. Ki jingina kanki kada ki riƙa waige-waige, domin juya kai a lokacin da kujera ke juyawa shi ne mafi saurin kawo jiri. Ki kafa ido a can nesa a tsakiyar allon, inda kogin ya dosa, kada ki bi duwatsun da ke wucewa ta gefe. In kika ji miyau ya fara taruwa a bakinki ko goshi ya yi sanyi, ki rufe ido ruf. Wannan ita ce falalar na'urar kwaikwayo a kan mota da jirgin ruwa: da kin rufe ido kogin ya mutu, abin da ya rage kujera ce mai rawa, kuma 'yan mintoci ne a gama. Kada ki hau da ciki fal da abinci mai maiƙo, kada kuma ki hau da yunwa. Wasu citta na yi musu amfani. Magungunan tashin zuciyar tafiya suna aiki, amma ana shan su ne tun kafin a hau, kuma yawancinsu na sa barci. Ni ban ga dalilin da za ki yini kina gyangyaɗi a Odaiba saboda wasan minti kaɗan ba, yaro kuwa kada a ba shi sai da shawarar likita ko mai kantin magani. In kina da juna biyu, ko ciwon baya ko na wuya, ko ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, to magana ta ƙare, ki tsaya a waje. Haka duk wanda walƙiyar haske ke tayar masa da farfaɗiya.

Batun haɗari kuma, ba zan ce miki babu ba, sai dai ba nutsewa ba ne. Haɗarin na'ura mai motsi shi ne mutum ya fita daga inda aka ɗaure shi. A shi wannan Joypolis ɗin, a watan Afrilun 2005, wani mutum mai amfani da keken guragu ya faɗo daga wata na'ura ta daban mai kwaikwayon dirowa daga sama, ya rasu. Bel ɗin bai zagaye jikinsa ba, aka bar shi ya hau a haka. An rufe gidan na wani lokaci bayan nan. Darasin da duk mai wannan aiki ya ɗauka shi ne ba a sassauci a kan bel da ma'aunin tsawo, ko da mai hawa zai yi fushi. In ma'aikaci ya tsayar da yaronki a jikin sandar awo ya ce bai kai ba, kada babansa ya tsaya roƙo irin namu na a yi haƙuri a duba. An sa iyakar ne saboda ƙarfen da ke riƙe cinya an auna shi da jiki mai wani girma, wanda bai kai ba yana iya zamewa ta ƙasa. Ke kuma ki tattara gyalenki ko hijabinki ki zauna a kan bakinsa, jaka da waya a ajiye inda aka ce.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe, saboda sunayen suna kama da juna kuma wata rana za a kai ku wani gidan wasan. Akwai kwale-kwalen wasa na ruwan gaske. Shi zagayayye ne, kujeru a kan ƙatuwar tayar roba, yana bin wata magudanar siminti da manyan famfuna ke tura wa ruwa, an shimfiɗa gungume ko bututu a ƙasanta don ruwan ya yi tozo. Kamfanin Intamin na Siwizalan ne ya gina na farko a 1980 a AstroWorld da ke Houston ta Amurka, kuma dabarar ta samo asali ne daga kogin da Jamusawa suka gina a Augsburg don tseren kwale-kwale na gasar Olamfik ta 1972. Miliyoyin mutane na hawa irinsa lafiya, amma shi ne wanda ya cancanci tsoron 'yar Yawuri. A watan Oktoban 2016, a gidan wasan Dreamworld na Ostireliya, famfo ɗaya ya tsaya, ruwa ya ja baya, wani kwale-kwale da babu kowa a ciki ya maƙale a bakin na'urar da ke jawo su sama, na bayansa ya zo ya hau shi ya kife, mutum huɗu suka rasu. Kotu ta ci kamfanin tarar dalar Ostireliya miliyan 3.6 a 2020. To in kika ga ana sayar da rigar leda a bakin layi, kika ga masu fitowa suna matse riga, kika ji ƙugin famfo, wannan ruwan gaske ne. A irinsa ki zauna kusa da yaron, kada ya miƙe tsaye ko sau ɗaya.

Sauran abin da ke damuna ba a cikin ginin yake ba, a kan yaron yake. Zai sauko yana jin ya ci kogi da yaƙi. Ya faɗo daga dutse, ya bugi gungume, ya shiga kogo, ko hularsa ba ta faɗi ba. Masu tuƙa kwale-kwalen roba a kogunan gaske sun kasa ƙarfin ruwa mataki shida, na shida shi ne wanda ba a shigarsa sai mai sayar da rai. A kwazazzabon Batoka na Kogin Zambezi da ke kudancin Afirka, ƙasa da magangarar ruwan Victoria, inda ake kai 'yan yawon buɗe ido kan ruwa mai mataki na biyar, babu mai shiga sai da hular kwano da rigar da ke hana nutsewa, kuma sai an koya masa abin da zai yi in ya faɗa: ya kwanta rigingine, ƙafafu gaba, kada ya yi ƙoƙarin tsayawa a ruwa mai gudu, don ƙafa na maƙalewa a tsakanin duwatsu ruwan ya danne mutum. Na'ura ba ta koya ko ɗaya daga cikin wannan. Ba ta da sanyin ruwa, ba ta da nauyinsa, ba ta da ramin nan da ruwa ke yi a gindin dutse yana juya abin da ya kama. Ranar da kuka je hutu gida ya ga Neja a kwance lumui kamar ba ta taɓa cin kowa ba, kada ya auna ta da abin da ya hau a Tokiyo. Tunda kuna Japan, inda makarantun firamare da yawa ke da wurin iyo kuma ake koyar da shi a lokacin zafi, ki sa ido ya koya da gaske. Wannan ya fi mini komai a cikin wasiƙarki.

Shawarata dai a kai shi. Zagayen farko ya hau da babansa, ke ki tsaya wajen fita ki dubi fuskokin masu saukowa, musamman mata sa'o'inki. In kin ga suna dariya kuma zuciyarki ta ba ki, ki bi su a zagaye na biyu a kujerar tsakiya. Ku je a ranar aiki in da hali, layin Asabar da Lahadi yana da tsawo. Jirgin ƙasa na layin Yurikamome zai sauke ku a tashar Odaiba-kaihinkoen, daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan. In yaron zai hau abubuwa da yawa, tikitin yini ya fi sauƙi a kan biyan kowanne daban. Ku fara da kwale-kwalen kafin abincin rana, kuma kada ku jera shi da Wild Wing da Wild Jungle a zama ɗaya, don jirin taruwa yake yi, na farko ya bar saura na biyu ya ɗora a kai. Ku ba da tazarar ko da rabin awa, ku fita barandar ginin ku sha iskar teku, a nuna wa yaron gadar Rainbow, sannan a koma.